Inna Turai da Faifai na Uku

Mahaifiyata, wadda duk unguwarmu ta Sa'alaba a Jidda ke kira Inna Turai mai guga, ta yi shekara ashirin da ɗaya ba ta ambaci sunan mahaifina ba. Kar a ce mini al'ada ce, na san al'ada ce. Matar Bahaushe ba ta kama sunan mijinta, kuma duk matan unguwarmu haka suke. Amma sauran mata suna da hanyar zagayawa. Wata ta ce Malam, wata ta ce Alhaji, wata ta ce baban wance, har su ba da labarin rowarsa ko minsharinsa a yi dariya. Inna ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In ya zama dole ta yi maganarsa, sai ta ce "mutumin nan", ta ja bakinta ta tsuke, ta ci gaba da hura gawayi.

Sunansa Salihu. Ni a bakin maƙwabta na tsince shi, don ban taɓa ganin mai sunan ba. A sambuk yake aiki, wato ƙananan jiragen katakon nan da suke shiga tsakiyar ruwa su kwaso alhazai da kayansu, a zamanin da manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓar Jidda. A aikin hajjin 1950 iska ta taso da hantsi, sambuk ɗinsu ya kife da lodin kaya. Aka tsamo mutum shida, na bakwai ba a gan shi ba. Lokacin ina ciki wata biyar. Ba gawa, ba wanka, ba kabarin da za a nuna mini in na girma. Alƙali ya ce Inna ta jira shekara huɗu kafin ta shiga takaba, ta jira, ta yi takabarta ina ta guje-guje a tsakar gida. Bayan nan manema suka zo, har da wani mai shagon yadi a Balad, tsohon cikin garin Jidda, da mata ke rububinsa. Kowa ya zo sai ta ba shi ruwa ya sha, ta ce ya yi haƙuri, guga na jiranta.

Tana da shekara bakwai ta iso ƙasar nan tare da iyayenta daga wajen Katagum, bayan sun yi shekara huɗu a hanya, suka ƙetaro teku ta Sawakin da ke Sudan. Abin da na lura da shi a rayuwata, Hausawan da suka bar gida suna ƙanana sun fi na gida riƙe kunya. Kamar suna tsoron in sun sassauta kaɗan, shi ke nan ba su da sauran abin da suka zo da shi. Ni kuwa haifaffiyar Jidda ce, bakina ba ya shiru, kuma abu ɗaya nake so a duniya tun ina yarinya, in ji ubana a bakin uwata. Na yi naci, na yi fushi, na yi kukan ƙarya da na gaske. Amsar dai ɗaya ce, "Allah ya shirye ki."

Sana'arta wanki da guga. Tana da dutsen guga na gawayi, mai ɗan zakara a kan marfinsa, kuma ko da na lantarki ya cika gari ba ta yarda ta taɓa shi ba, wai ba shi da nauyi, shafa kawai yake yi. Tana yayyafa ruwa da yatsu uku, ta gwada zafin dutse da yawu, ta fitar wa farin tufa kari har mutum ya ji tsoron zama da shi. Gidajen attajiran Balad sun san ta, ranakunta a rabe suke, kowane gida da ranarsa.

A 1967 Talatarta ta zama babu kowa, sai Amm Abdulgani ya samo mata wani gida. Amm Abdulgani, wato Baffa Abdulgani da Larabcin Jidda, Bahaushen Sudan ne, kuku, ya taɓa dafa wa 'yan Italiya abinci a garin Masawwa, can ƙetaren teku, har ya tsinci yarensu kaɗan. A lokacin yana aiki a unguwar Sharafiyya, gidan wani likita ɗan Italiya da matarsa, wadda yake kira Sinyora, mu ma muka bi shi. Ba su da 'ya'ya. Aka ba Inna barandar bayan gida, kusa da tagar falo, nan take shimfiɗa bargonta a kan tebur.

Ranar farko, wajen ƙarfe biyu, likita ya koma asibiti, gida ya yi tsit. Can sai Inna ta ji wata mace ta tsala ƙara a cikin falo, ƙarar da ta yi sama ta ƙi saukowa. Ta aje dutse ta yi kicin da gudu.

"Abdulgani, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, ya Turai. Garmaho ne. Waƙa ce."

"Wannan ce waƙa? To kukansu yaya yake?"

Amm Abdulgani ya yi dariya har ya riƙe tebur. Ya yi mata bayani cewa obera suke ce masa, wasan kwaikwayo ne amma ba a magana, komai da waƙa ake faɗa, ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera. Faifai uku ne a cikin kwali ɗaya, kowanne fuska biyu, labari ɗaya daga farko har ƙarshe. Sinyora ba ta sa shi sai mijinta ya fita, don shi ya ce kansa yake sara masa. Inna ta ce lallai likitan nan mai hankali ne, ta koma bakin aikinta.

Ba a yi wata biyu ba ta canza tsarin gugarta. Da ma tana farawa da zannuwan gado ne, ta ƙare da riguna. Sai ta juya. Rigunan likita masu wuyar kwala da rigunan Sinyora masu tattara, duk abin da ke son ido, ta gama shi kafin ƙarfe biyu. Daga biyu zuwa la'asar sai zannuwa da tawul da mayafan tebur, kayan da hannu ke yi shi kaɗai ba sai da mai shi ba. Sinyora ta lura. Da ma kalmomin Larabcin da suka haɗa su ba su fi goma ba. Wata Talata dai Inna ta tarar an matso da garmahon jikin taga, an ɗage labule. Daga ranar, ko da matar tana da wasu faya-fayan, Talata ta wannan kwalin ce.

Matsalar ita ce la'asar. Da an kira salla sai Inna ta ɗaure ƙullinta ta fita, don ta sami ƙaramar bas zuwa tashar Bab Sharif, daga can ta hau ta Sa'alaba. Ƙa'idarta ce a kowane gida, ba ta taɓa karya ta ba. Kiran sallar kuwa kusan kullum yana faɗowa ne a ƙarshen faifai na biyu. Saboda haka ta yi fiye da shekara tana jin faifai biyu, na ukun ba ta san abin da ke cikinsa ba.

Wannan bai hana ta sanin labarin ba, ko in ce bai hana ta ƙirƙirarsa ba. Kalma ɗaya ba ta ji a yaren, amma ta ce murya ba ta ɓoye komai. Duk yammacin Talata matan layinmu suna taruwa a ƙofar gidanmu da butar shayi, Inna ta ba su rahoto kamar ta dawo daga biki. Akwai Yarinyar, mai muryar da ke hawa sama. Akwai Saurayin, wanda in ya fara lallashi, in ji Inna, ko dutse ne sai ya ba shi 'yarsa. Akwai kuma wani mai muryar bijimi da ta tsana, ta yanke hukuncin cewa kawun Yarinyar ne, kuma mugu ne. Kowane mako labarin ɗaya ne, amma kowane mako sai ta jiyo wani sabon abu. Yau ta ce ashe Yarinyar tana jin tsoro tun farko, a wuri kaza numfashinta ya yi rawa. Wani makon ta ce Saurayin ƙarya ya yi wa kawun, ta ji a yadda ya yi sauri. Matan suna musu da ita a kan mutanen da ba su taɓa jin muryarsu ba.

Hajiya Jamilatu, babbar unguwar, wadda ta karɓi haihuwar rabinmu, ba ta son zancen. Ta ce, "Turai, da girmanki kina sauraron kiɗan Nasara?"

Inna ta ce, "Hajiya, ni guga nake yi. Tagar ce a buɗe."

Ni abin haushi yake ba ni, ba zan ɓoye ba. Matar da ba ta da kalma biyu a kan ubana, ga ta tana ɓata awa guda a kan baƙin da ke cikin akwati. Ran nan na kasa daurewa na ce, "Inna, waɗannan na garmaho kin san har yadda suke numfashi. Ni ko kamannin babana ba ki taɓa gaya mini ba." Inna ta dube ni, ta ce, "Miƙo mini mafici." Na miƙa mata, na shige ɗaki ina huci.

Game da faifai na uku kuwa ba ta da shakka. A ƙarshen na biyu muryoyin nan biyu suna haɗuwa su hau tare har ba a rarrabe ta mace da ta namiji. Inna ta ce bayan wannan me ya rage in ba ɗaurin aure ba? Na ukun biki ne, shi ya sa ma ba ta damu da ta tsaya ba, ta ga biki da yawa a rayuwarta. Amm Abdulgani ya san gaskiya, amma daga baya ya gaya mini cewa duk lokacin da ya buɗe baki sai ya ga fuskarta ya fasa.

A ƙarshen 1968 aka yi ruwan sama, irin na Jidda, wanda ba ya zuwa sai shekara-shekara, in ya zo kuma sai ya rama. Ranar Talata ce. Kafin la'asar titin Sharafiyya ya zama kogi, motoci suka tsaya. Abin da ya faru a gidan daga bakin Amm Abdulgani na ji shi. Inna ta yi sallarta a sito, ta dawo baranda, guga ya ƙare, gawayi ya mutu. Ta zauna a tabarma hannu biyu a cinya, abin da bai taɓa ganin ta yi ba. Sinyora ta ɗora faifai na uku.

Ya ce tun a fuskar farko ya ga Inna ta gyara zama, don babu ganga, babu guɗa, muryar Saurayin ce kaɗai, ita ma a raunane. Da aka juya faifan, Yarinyar ta shigo. Ba a daɗe ba muryar namijin ta ɗauke, ta bar ta mace ita kaɗai. Sai ya ga Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tura ƙofar falo ta shiga, falon da ba ta taɓa taka shi ba. Sinyora tana kan kujera tana hawaye. Inna ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, yadda ake zama a gidan makoki, ta ce mata da Hausa, "Ya haƙuri?" Suka zauna haka har allura ta kai ƙarshe tana ƙarar banza.

Sannan Inna ta sami Amm Abdulgani a kicin.

"Ya mutu ke nan."

"Ya mutu, ya Turai."

"A hannunta?"

"A cinyarta. Yaƙi aka tura shi, ya dawo da ciwo. Ta iso a makare, amma ta same shi da sauran numfashi."

"Wannan kalmar da take ta maimaitawa fa?"

"Sunansa ne."

"Sunansa na yanka?"

"Aiwa, na yanka."

"A gaban mutane?"

"Sinyora ta ce ɗakin da ake wasan yana cin mutum dubu biyu. Maza da mata, kowa na kallonta."

Inna ta daɗe tana kallon tukunya. Ta ce, "Aib. Wallahi matar nan ba ta da kunya." Ta ɗauki ƙullinta, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya tana duban ruwan da ke gudu a tsakar gida. Ba ta juyo ba ta ce, "Amma ita ta sami gawa."

Da ta iso gida dab da magariba, zane a jiƙe har gwiwa, matan suka ji ta tsaya har ƙarshe, suka yo caa suna tambaya ko an ɗaura. Ta ce, "Ba a ɗaura ba." Daga ranar aka daina rahoton Talata. Amma daga ranar kuma ƙa'idar la'asar ta karye a gida ɗaya. Tana salla a sito, ta dawo tabarma ta zauna har faifai na uku ya ƙare. In na tambaye ta me ya tsayar da ita, sai ta ce, "Marar kunyar nan na tsaya ji." Shekara biyu tana zagin matar, ba ta fasa Talata ko ɗaya ba.

A 1970 aka sa ranar aurena da Mahmud, direba a tashar jiragen ruwa, ɗan layin bayanmu. Saura mako biyu, ran Talata da safe, Inna ta ce, "Sa abayarki, za ki raka ni." Na ce wane aiki zan yi a can? Ta ce ba aiki, zama zan yi. Na bi ta ina ƙunƙuni a bas.

Gaskiya faifai biyun farko gundura ta suka yi. Ni na tashi da waƙoƙin rediyo na Larabci, wannan kuwa hayaniya na ji, goge wajen talatin suna ta rige-rige, mutane suna ihu a kan juna. Na yi hamma har Inna ta harare ni. Muka yi la'asar, muka dawo tabarma, aka sa na uku.

Yau shekara fiye da hamsin, amma in na rufe ido ina jin sa. Saurayin, wanda ɗazu muryarsa ta cika gidan, yanzu sai ya fara kalma ya kasa ƙarasa ta, ya ja numfashi ana ji, ya sake gwadawa. Na san mutumin lafiyarsa ƙalau, wataƙila ma da ya gama ya je ya ci taliya. Sanin hakan bai hana ni matsawa kusa da tagar ba. Sai Yarinyar ta shigo da gudu, ana jin gudun a muryarta. Ta yi masa magana a hankali, yadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi, ya amsa sau ɗaya, ta sake magana bai amsa ba. Gogen nan duka suka yi ƙasa, suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Ta kira sunansa ƙasa-ƙasa, kamar mai tashin wanda ke barci. Ta jira. Ta sake kira, da ɗan ƙarfi, da alamar faɗa a ciki. Na uku kuwa ta ɗauke shi ta kai shi can sama ta riƙe, ta riƙe, har na ji ni ce numfashina zai ƙare, sannan muryar ta tsage a tsakiya ta faɗo. Ban san lokacin da na kama gefen tabarma ba. Ni da ko saurayi bai taɓa mutu mini ba, na ji kamar an yi mini rashi.

Na juya in ga Inna. Idonta a bushe yake, bayanta a miƙe. Amma leɓɓanta suna motsi, ba sauti. Na ɗauka bin matar take yi. Da na lura da kyau sai na ga ba kalmar matar ba ce a bakinta. Na kawar da kaina da sauri, don na ji kamar na leƙa ta tana wanka.

A Bab Sharif, muna tsaye muna jiran motar Sa'alaba, masu dafaffen waken balila da masu gyaɗa suna ta kiran ciniki, Inna ta fara magana tana kallon titi.

"Yana da wushirya. Irin taki."

Ina tsoron ko motsi na yi za ta fasa.

"A ruwa yake aiki amma ba ya cin kifi. Wai ƙarni. In ya yi dariya sai ya dafa bango." Ta gyara ƙullin da ke kanta. "Ranar da zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Turai, na tafi. Wansa na zaune a tsakar gida yana karyawa. Sai na ji nauyi, ban ɗago ba. Ya sake cewa na tafi. Na ci gaba da tankaɗe."

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Halas, ya isa. Ga mota nan, yalla mu je."

Abin da na samu ke nan ranar, kuma ya fi duk kayan ɗakin da aka yi mini. Amma sunan bai fito ba. Na ce a raina to shi ke nan, wannan ƙofar iya buɗewarta ke nan, in gode wa Allah.

Farkon shekarar da ta biyo, likita ya gama aikinsa za su koma ƙasarsu. Sinyora ta fito da kwalin faya-fayan nan ta miƙa wa Inna da hannu biyu. Inna ta ƙi karɓa. Ta ce wa Amm Abdulgani ya gaya mata ba ta da garmaho, kuma ɗakinta ɗaya ne, ba inda za ta sauke baƙi. Suka riƙe hannun juna a baranda, kowacce na magana da yarenta. Daga nan Talatar Inna ta koma wani gida a Balad inda ba a sa komai sai rediyo, ta koma fara gugarta da zannuwa.

A ƙarshen shekarar na haihu, namiji. Ranar suna da safe maza suka taru, Mahmud ya aiko a gaya mini ya sa wa yaro sunan mahaifina. Na yi murna, na kuma san abin da zai biyo baya, don kowa ya sani. Yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiran sa da shi, sai a nemo masa wani na sakayawa saboda manya.

Da yamma gida ya cika da mata, ana ta rabon shinkafa da gahawa. Hajiya Jamilatu ta ɗaga jaririn ta ce, "To, sai a riƙa ce masa Abba. Ko Halifa, ku zaɓa." Wata ta ce Abba ya yi yawa a layin nan, in ka kira ɗaya biyar ke amsawa. Aka yi dariya. Hajiya ta miƙa wa Inna shi tana tsokana, "Turai, karɓi maigidanki, ga sabon miji kin samu."

Inna ta karɓe shi. Ta buɗe zanen ta dubi fuskarsa ta daɗe. Sai ta ce, "Salihu."

A hankali ta faɗa, na kusa ne kawai suka ji, suka dubi juna. Ta sake cewa, "Salihu," yanzu duk ɗakin ya ji, cokula suka tsaya. Inna ba ta da murya, hayaƙin gawayi ya daɗe da cinye ta. Amma na ukun ta ɗaga shi iya ƙarfinta, ta ja shi, har matan da ke tsakar gida suka leƙo, yaron ya firgita ya fara kuka.

Hajiya Jamilatu ta ce, "A'a, Turai. Aib, a gaban yara."

Inna ta ce, "Hajiya, shekara ashirin da ɗaya yana bakina. Na gaji da riƙo."

Sai ta fashe da kuka, kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, da jikanta a ƙirjinta, ba ta ko rufe fuska ba. Ba wadda ta san abin yi. An zo suna, ga guɗa a baki, ga kuma wannan. Hajiya Jamilatu ce ta fara saukowa daga kujera, da ƙyar saboda gwiwa, ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta ce, "Allah ya jiƙan Salihu. Mutumin kirki ne, ni na san shi." Sauran tsofaffin suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowacce da abin da ta tuna. Wata ta ce ya taɓa ɗauko mata ruwa tun daga famfon bakin kasuwa tana da tsohon ciki. Wata ta ce shi ya yi wa mijinta rufin ɗaki. A yammacin nan na ji labarin ubana fiye da duk abin da na ji tun da aka haife ni, ina zaune a gado da lalle a ƙafa, ina kuka ina dariya.

Ba a ƙara maganar Abba ko Halifa ba. Inna ta rayu shekara bakwai bayan nan, ta rasu a 1978, kuma duk layinmu sun san muryarta a kan sunan nan. Abin har ya zama abin tsokana. Yaro yana zaune a gefenta, gwiwarsa na taɓa tata, kwano ɗaya suke ci, sai ta ɗaga kai ta kwaɗa kira kamar yana bayan gari.

Ya ce, "Inna, ga ni fa a nan."

Ta ce, "Na gan ka. Ci abincinka, Salihu."